Waken Gida da Waken Kasuwa

Wanda ya taso daga Kano ya kama hanyar Maiduguri ranar Alhamis, da ya haye gadar Wudil ya ɗan taɓa tafiya, ba sai an gaya masa ya iso Darki ba, cunkoson motoci ne zai sanar da shi. Bayan kaka abin ya fi ƙamari. Manoma daga ƙauyukan Wudil da Garko da Takai da Gaya, har da na Jigawa, kowa da abin da Allah ya hore masa: wani buhu biyu a bayan babur, wani rabin buhu a ka, wata tsohuwa da kwano biyar ƙulle a zani. 'Yan sari na tsaye da kuɗi a aljihu, ma'auna sun durƙusa, 'yan dako na ta kai da kawowa. Washegari Juma'a kasuwar shanu ta Wudil ta ci, hankali ya koma can.

A cikin masu sayen wake a kasuwar Darki aka yi wani Alhaji. Ba zan kama suna ba, kuma ina roƙon kada a tsaya neman sunan, don wanda ya shagala da cewa "wane ake nufi" yakan tashi bai ɗauki rabonsa na labarin ba.

In ana lissafin mutanen kirki a yankin, da wuya a kai na uku ba a ambaci Alhajin nan ba. Asuba ba ta wuce shi a sahun gaba. Shi ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin masallacin unguwarsu, shi ake kira idan aure ya yi tsami, kuma duk azumi akwai kunu da ƙosai a ƙofar gidansa. Ba riya yake yi ba, har zuciyarsa yana son alheri. Na faɗi wannan da wuri don kada a ɗauka labarin mugu zan bayar. Da na mugu ne, da abin ya zo da sauƙi, kowa ya yi masa Allah wadai ya kama gabansa.

Sana'arsa ajiya ce. Yakan sayi wake a Nuwamba da Disamba, lokacin da manomi ke neman kuɗin biki da na biyan bashin taki, ya jibge a sito ya jira. Idan rumbuna suka yi ƙasa farashi ya tashi, sai ya loda wa Dawanau, ko ya tura Kudu: Ibadan, Legas, Anacha. Matsalar wake kuwa ɗaya ce, ƙwaro. Tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa manne a jiki. Tsutsar ta huda ƙwayar ta shige ta ci, ta fito ƙwaro ta sake zuba ƙwai, kusan duk wata sabon zubi. Buhun da aka bari haka nan, kafin wata huɗu ya koma huji da gari. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake, Nijar na bi mata, saboda haka yaƙi da ƙwaron nan tsoho ne a wurinmu. Kakanninmu da toka suke yi, da yashi, da barkono. Amma ina mai buhu ɗari uku zai samo tokar da za ta ishe shi?

Wata shekara yayar Alhaji, wadda mijinta ya rasu, ta kawo masa ɗanta, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, ya gama ƙaramar sakandare, ya yi nisa a allo.

"Ga ɗanka nan, Alhaji," in ji ta. "Ni dai na yi iya nawa. Ka koya masa nema."

"Haba Yaya, ai ko ba ki faɗa ba. Ci da sha da sutura duk na ɗauka."

Kuma ya cika alkawari. Yaron ya zauna a gidan kamar ɗan ciki. Ya koyi bambanta kanannado da ɗan ila, ya koyi sa wake a haƙori ya ji ko ya bushe, ya koyi soka wa buhu ƙarfen nan mai rami a ga abin da ke tsakiya, don wani manomin ma yakan yi wa buhu ado a baki ya cusa tsakuwa da ƙaiƙayi a ciki. Ya kuma lura kwanon da ake saye da shi ba shi ake sayarwa da shi ba: na saye ya ɗan fi faɗi, na sayarwa an ɗan buga masa gindi. Abin ya tsaya masa a rai kwana biyu, da ya ga duk layin haka suke yi, sai ya haɗiye.

Kamar mako uku da gama saye, wani dare bayan isha'i, Alhaji ya ce yara su tsaya akwai aiki. Aka shimfiɗa tamfol a tsakar siton, aka rataye fitilar caji. Babban yaron ya fito da kwalaben fiya-fiya daga kwali, ya tsiyaya a bokitin ruwa ya motsa da kara. Aka shiga farke buhu ana zazzagewa, ɗaya na yayyafawa da tsintsiya, biyu na juyawa da shebur, in sun gaji su sa ƙafa. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci sai gefen riga. Kafin a yi buhu goma idon yaron ya fara ruwa, kansa ya sara, yawu ya cika masa baki. Ya fita bayan sito ya yi amai. Sauran suka yi dariya, suka ce kowa da haka ya fara, gobe ya sha madara zai ware.

Yana dawowa ya ji Alhaji na ce wa babban yaron, "Biyun can na bayan ƙyaure kada a taɓa su, na gida ne. Da safe a juye su a duro a liƙe bakin da kyau."

Washegari a hanyar dawowa daga masallaci yaron ya ce, "Kawu, na ce ba, me ya sa ba a sa wa na gida magani ba?"

Alhaji bai ji haushi ba. "Saboda shi yau da gobe ake ci. Wancan zai yi watanni a ajiye, kafin a kai ga ci maganin ya fita."

A yi wa Alhaji adalci, maganarsa ba ƙarya ce zalla ba. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, yana tashi a iska a hankali, wanki da dahuwa kuma suna rage shi. Sai dai guba ce mai kama jijiyoyi, ba a yi ta don a yayyafa a abinci ba, kuma ragewa ba fita ba ce. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadarin. Ma'auninsu bai yarda ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, sai ga shi suna samun daga 0.03 har zuwa 4.6, wato wani ya ninka ƙa'ida sau 460. Wannan fa waken da ya sha tafiya ke nan, ya yi makonni a hanya kafin a auna shi. A 2016 suka ƙara wa'adin hanin da shekara uku. A Nuwamban 2018 wani bidiyo ya zagaya ƙasar nan na 'yan kasuwa suna zuba wa wake Sniper, hukumar kare haƙƙin masu saye ta fito ta yi gargaɗi, a 2019 kuma NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kantuna da kasuwanni. Turawa suna da ɗakin gwaji a bakin tekunsu, suka mayar da abin da ba su yarda da shi ba. Mai tuyar ƙosai a Fagge, da mai garau-garau a ƙofar makarantar firamare, hancinsu kaɗai ne ɗakin gwajinsu, shi ma in an yi sa'a warin bai gushe ba.

Yaron dai ya karɓi amsar kawunsa, hankalinsa ya kwanta. Sai da zafi ya shigo aka ga ƙwari sun fara yawo a jikin buhuna, aka sake shimfiɗa tamfol aka maimaita aikin. Kwana uku tsakani wani abokin ciniki ya bugo daga Anacha, farashi ya yi tsalle, yana son mota guda a ranar. Aka loda. 'Yan dako na ɗauka suna kawar da kai saboda wari.

Da motar ta tashi yaron ya matso kusa ya rage murya. "Kawu, wannan ai bai kwana huɗu ba."

"Kafin ta isa ya sha iska."

"Amma Kawu, da a ce gida za a kai shi..."

A nan Alhaji ya juyo. Bai ɗaga murya ba, don ba halinsa ba ne. "Kai yaro, zo in gaya maka. Ni ban ƙirƙiro wannan ba. Ubangidana da ya koya min sana'a haka na tarar yana yi, kuma mutum ne da ya je Makka sau uku. Ka duba layin nan daga farko har ƙarshe, nuna min wanda ba ya yi. Su duk 'yan wuta ne, kai kaɗai ne ɗan aljanna? In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Haka ake yi."

Yaron ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu," ya ja bakinsa.

Da azumi ya kama, Alhaji ya fitar da rabon da ya saba: kwano bibbiyu ga zawarawa da tsofaffi da makarantun allo, da waken ƙosan sadaka na ƙofar gida. Daga sito aka ɗebo. Ba wai ya zauna ya tsara cutar kowa ba, na duro ba zai isa ba ne, kuma bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin ba. Yaron aka sa awo. Da ya zo kan ƙunshin mahaifiyarsa sai ya faki ido ya juye, ya shiga cikin gida ya cika mata daga duro. Ya hau keke ya kai mata ƙauye, zuciyarsa fari ƙal, yana ganin ya yi abin kirki.

Yana fitowa daga gidansu ya yi kiciɓis da maƙwabciyarsu, ita ma bazawara, da 'ya'ya huɗu ƙanana. Ta karɓo nata rabon, ta riƙe ƙunshin a ƙirji tana ta sa wa Alhaji albarka, tana cewa yau yara za su sha ruwa da alale. Ta ce, "Ɗana, ka gaida min kawunka, ka ce Allah ya ƙara buɗi." Ƙaramin cikinsu ya riga ya zura hannu a ledar yana wasa da ƙwayoyin.

Shi ya auna mata wannan waken da hannunsa. A kan keken, yana komawa, ya gane abin da ya aikata: ya ware wa tasa uwar mai kyau, ya miƙa wa uwar wasu mai magani. Bai yi shekara a sito ba, ga shi har ya iya abin da kawunsa yake yi, ba tare da kowa ya ce ya yi ba.

Masana sun daɗe suna gardama a kan inda sanin daidai da rashin daidai yake fitowa. Wasu sun ce al'umma ce take ɗora wa mutum, abin da garinku ya kira kyau shi ne kyau a wurinka. Wasu sun ce akwai wani abu a zuciyar kowane ɗan Adam da yake sani ko ba a gaya masa ba. Ni a ganina buhu biyun nan na bayan ƙyaure sun isa shaida. Da al'ada ta gamsar da Alhaji cewa maganin ba ya cutarwa, da bai wahalar da kansa da duro ba, da shi da iyalinsa sun ci daga inda kowa ke ci. Ya sani sarai. Duk wanda ya ware na gida ya riga ya yanke wa na kasuwa hukunci da kansa. "Haka ake yi" ba ta kashe masa sani ba, abokan tafiya ta samar masa, don kada ya ji shi kaɗai ne a kan hanyar. Laifin da aka raba wa mutum hamsin, kowa sai ya ji nasa kason bai kai a hana shi barci ba.

Shi ma yaron ba daga sama tausayin nan ya faɗo masa ba. Uwarsa ce ta taɓa sa shi ya koma wurin mai kanti cikin rana tsaka ya mayar da canjin da aka ba shi fiye da ƙa'ida, yana ɗan shekara bakwai. A makarantar allo ya haddace surar da ta yi wa masu tauye mudu kashedi tun bai san ma'anarta ba. Garin da ya koya masa amana shi ne dai garin da yake ce masa ya sa wutsiya. A 1974 Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa wata lacca a kan abin da Bahaushe yake kira mutumin kirki, ya lissafa halaye goma, a cikinsu akwai gaskiya da amana, akwai kunya da ladabi. Lissafin ya yi, kowa ya yarda da shi. Amma ranar da ladabi ya ce yi shiru, gaskiya ta ce yi magana, babu jerin da zai raba wannan gardama. Mutum ne shi kaɗai zai zaɓa, kuma shi zai biya.

Ranar Juma'a ya koma ƙauye ya gaya wa mahaifiyarsa yana son barin aikin. Ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Me Alhaji ya yi maka? Ya hana ka abinci ne, ko duka yake yi?"

"Ko ɗaya, Inna. Ya riƙe ni da kyau."

"To wane irin butulci ne wannan? Ka san abin da za a ce? A ce ɗan wance an ɗauke shi an rufa masa asiri, ya buɗe ido ya fara ganin laifin manya. Bin na gaba bin Allah ne. Abin da ya gani a zaune kai ko ka hau rimi ba za ka hango ba."

Ya zauna ya gaya mata komai, tun daga tamfol har motar Anacha, har abin da ya yi da ƙunshinta. Ta yi shiru mai tsawo. Sannan ta ce, "Na maƙwabciyar tawa fa?"

"Daga sito ne."

"Ai kuwa na ci alalenta, ta aiko min." Ta sake ɗaukar rariya ta riƙe ba ta tankaɗa ba. "Duk da haka ƙanena ne. Kada ka tona masa asiri, kada ka sa a ce daga gidan nan magana ta fita. Ka ji ko?"

Ba ta ce ya zauna ba, ba ta ce ya tafi ba. Ba na ganin laifinta. Mace ce da ba ta da kowa sai ƙanen nan, rufin ɗakinta ma shi ya yi.

Daga nan ya je wurin malaminsa na allo, wanda shi ma Alhaji ne ya yi wa makarantarsa rumfar kwano. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya nake tafe da ita," ya faɗi abin ba tare da ya kama suna ba. Malam dattijo ne, ya gane wanda ake nufi. Ya ba shi labarin ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta kasuwa ya zura hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, da yadda ya tsawatar a kan ɓoye aibin kaya. Ya ce in ruwan sama da aka ɓoye ya jawo wannan magana, to ina ga abin da ke sa mutum amai. Sannan ya ce, "Amma kawunka ne, yana da haƙƙi a kanka, kada ka ɗaga masa murya, kada ka kunyata shi a gaban mutane. Ni karatu na ba ka. Tsayuwa a siton nan ba zan iya yi maka ita ba."

Mu da muke alfahari da tarihinmu, yana da kyau mu tuna cewa da yawa daga abin da muke kira gadonmu na gari a yau, taurin kan wani ne a jiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi ya tarar da al'adun da kowa ke cewa haka aka gada, ya rubuta Ihya'us Sunna a 1793 yana tace su, abin ya kai shi ga hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU, daga 1950, rashin kunya da raina manya aka riƙa jingina musu don sun ce talaka ma mutum ne. Yau filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa sunansa suke ɗauke da shi. Mun iya girmama mai gaskiya bayan ya mutu. Mai rai, ɗan shekara sha takwas, wanda gaskiyarsa za ta taɓa mana riba, shi ne har yanzu ba mu san yadda za mu yi da shi ba.

Bayan salla yaron ya sami kawunsa shi kaɗai a zaure. Ya yi godiya a kan riƙon da aka yi masa, ya ce yana neman izini ya gwada nema da kansa. Alhaji ya tambayi dalili. Ya ce, "Kawu, ƙirjina ne ba ya ɗaukar aikin dare." Dukansu biyu sun san ba huhu yake nufi ba. Alhaji ya ce Allah ya ba da sa'a, bai ba shi ko sisi na jari ba, wanda a al'adar kasuwa shi ne sallamar yaron da ya yi hidima.

Labari ya bazu a layi. Aka sa masa suna Ustaz, ba don girmamawa ba. Dillalan da suka san shi suka daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska, don wanda ya ƙi abin da kowa ke yi, ko bai ce uffan ba, zamansa kaɗai tuhuma ne. Babu wanda ya yarda ya ba shi kaya bashi. Ya yi dako, ya yi awo a rumfar wasu da la'ada, ya yi damina guda a gonar mahaifinsa. Maganar auren da aka fara yi masa da 'yar wani abokin Alhaji ta shiririce. A wannan shekarar Alhaji ya sami riba mai kyau, ya tafi Umra, aka kuma sa shi cikin dattawan da ke yi wa matasa nasiha. Kano ta kafa Hukumar Hisba a 2003, ta ƙaddamar da shirin A Daidaita Sahu a 2004, kuma tun daga lokacin ba a fasa tarukan gyaran tarbiyya ba. A irin waɗannan taruka ana maganar waya da fina-finai da askin banza da shaye-shaye, kuma duk gaskiya ne, ni ma suna damuna. Abin da ban cika ji ana tambaya ba shi ne me muke koya wa yaran da aka ba mu amana tsakanin isha'i da sha biyun dare, bayan mun rufe ƙofar sito. Ɗan Hisba zai iya duba kwano da rana. Ba shi da ikon shiga kowane sito da dare, kuma babu gwamnatin da za ta taɓa samun wannan ikon.

Da kaka ta zagayo, uwar ta ɗauki adashinta ta ba shi, ba ta gaya wa kowa ba. Ya sayi wake buhu huɗu. Wani malamin gona ya taɓa nuna musu buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, kamfanin Lela Agro na Kano kuma yana yin sa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskan da ya rage su mutu, ba ɗigon magani. Dabarar duron Alhaji ce dai, aka mayar da ita buhu. Yana buƙatar kula, don ɓera ko tsinke ɗaya ya huda ledar aiki ya ɓaci, kuma ya fi buhun gama-gari tsada, amma in an lallaɓa shi yakan yi kaka biyu ko uku.

A watan biyar ya kwance buhun farko a gefen kasuwa. Waken na nan fes, ba huji ba wari. Masu ƙosai da masu ɗanwake suka fara gane shi, don su ne hannunsu ke cikin ruwan wake kullum, sun san wanda ke sa musu ƙaiƙayi. Kwano ɗaya yake da shi, da shi yake saye da shi yake sayarwa. Bai yi kuɗi ba, har yau ma bai yi ba. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne yaran manyan layin da suka riƙa zuwa da yamma, in kasuwa ta fara watsewa, su ce a auna kwano biyar, in ji maigida, na gida ne.

Shekara ta biyu, ana saura mako guda bikin 'yar Alhaji, duron gidan ya ƙare, ga baƙi za su zo daga ko'ina. Sito cike yake da wake. Alhaji ya tako da ƙafarsa har inda yaron yake.

Yaron ya miƙe da sauri ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Kawu. Da ka aiko ai da na kawo."

"Buhu ɗaya nake so. Na biki ne, ka zaɓo min mai kyau."

"Duk iri ɗaya ne, Kawu. Ɗauki wanda ka ga dama."

Alhaji ya sa hannu a wanda aka buɗe, ya damƙo ya kai hanci, ya watsa ɗaya a baki ya tauna. Ya shafa ledar ciki ya ja ta ya ji kaurinta. Ya tambayi inda ake sayarwa da nawa ne. Yaron ya faɗa masa. Ya yi lissafin buhu ɗari uku a kansa, ya girgiza kai ya ce kuɗin da yawa, riba za ta ragu. Kuɗin da yawa kam, amma bai kai na kujerar Umra ɗaya ba. Yaron ya san haka, bai faɗa ba. Ya ƙi karɓar kuɗin waken, ya ce gudummawarsa ce ta bikin ƙanwarsa, ya ɗauki buhun a ka ya kai har mota.

Kafin ya tayar da motar Alhaji ya sauke gilashi. "In kaka ta yi ka samo min guda ashirin in gwada."

Da kaka ta yi ya samo masa, ya zo da kansa ya nuna wa yaran yadda ake ɗauri. Buhu ɗari uku Alhaji ya saya a shekarar. Ashirin ɗin nan ya ce a jera su gefe guda: na gida, na surukai, na Yaya, da na rabon azumi, har da waken ƙosan ƙofar gida. Maƙwabciyar nan da 'ya'yanta huɗu sun sha ruwa da alale mai tsabta a wannan azumin. Sauran ɗari biyu da tamanin, ranar wata Asabar bayan isha'i aka shimfiɗa musu tamfol, wani sabon yaro ɗan shekara sha huɗu da aka kawo daga ƙauye shi aka miƙa wa tsintsiya. A watan shida aka loda su, mota biyu, ɗaya Ibadan ɗaya Anacha.